Amsoshin tambayoyinku: ajiyar allurar bitamin ta dabbobi a gida

Wani mai turkar raguna daga Gusau ya rubuto cewa ya sayi kwalbar bitamin mai mil 100 wata uku da suka wuce, ya yi wa raguna huɗu, ya ajiye sauran a bakin taga. Yanzu ruwan ya yi duhu kamar shayi. Wai ko zai iya yi wa ragunan layya da shi?

Malam, zubar da shi. Ba don ado kamfani ya zuba maganin a kwalba mai duhu ba. Haske yana lalata wasu bitamin ɗin, musamman B2. Ga kuma zafi. Duba jikin kwalin, yawanci za ka ga an rubuta a ajiye ƙasa da digiri 25 ko 30, alhali a watan Afrilu zafin Gusau ko Sakkwato yakan haura 40, balle ɗakin da aka rufa da kwano. Sannan da zarar allura ta huda robar murfin, lissafi ya canza: yawancin irin waɗannan magunguna kwana 28 ne wa'adinsu bayan hudawar farko, ko da ranar ƙarewar da ke jiki saura shekara. Rubuta ranar da ka fara huda ta a jikin kwalin. Mai raguna huɗu kuwa ba shi da dalilin sayen babbar kwalba, sai dai in zai haɗa kuɗi da maƙwabta.

Wata Hajiya daga Hadeja ta ce ba ta da firji, ina za ta ajiye?

Hajiya, in kwalin bai ce a sa a firji ba, ba kya buƙatarsa. Mayar da kwalbar cikin kwalinta, ki sa a roba mai murfi don kada danshi ya goge rubutun, ki ajiye a gindin randa, inda yara ba sa kaiwa. Tukunya cikin tukunya mai jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da marigayi Muhammad Bah Abba ya yaɗa a Jigawa, ita ma tana yi. Masu firji kuma kada su bari ya daskare. Amma wannan ba ta shafi allurar rigakafi ba, irin wadda ake kawowa daga cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom, a jihar Filato. Ita dole sai an ajiye ta a firji, a sanyin da aka rubuta a jikinta.

Mutum uku ne suka aiko da ƙorafi ɗaya: ƙurji ya fito inda aka yi allura. Na sha faɗa, kuma har yanzu ana yi. A tsira wa rago allura, a zare, a mayar da ita cikin kwalba a zuƙo wa na biyu. Duk dattin fatar ragon farko ya shiga maganin ke nan, ƙwayoyin cuta su samu wurin hayayyafa. Allurar zuƙo magani daban, ta tsira wa dabba daban, a goge robar murfin da sifirit kowane lokaci. Allura nawa take, rago nawa yake?

Tunda mun zo nan, bari in ƙara da abin da ba a tambaye ni ba. Yawancin wannan bitamin da kuke saye asarar kuɗi ce. Rago mai lafiya da ke tuƙa, ƙwayoyin da ke cikin tumbinsa suna haɗa masa bitamin B da kansu. In ya rame, fara duba tsutsar ciki da haƙora da abin da ke cikin kwanonsa: harawa, dusa, angurya, gishiri. Inda allura take da amfani shi ne dabbar da ta tashi daga ciwo ta ƙi ci, ko ƙarshen rani lokacin da busasshiyar ciyawa ba ta da bitamin A. Shi ma a bi awo, domin A da D taruwa suke yi a jiki, yawansu illa ne.

Ga mai tambayar ko a haɗa bitamin da oxytetracycline, maganin kashe ƙwayoyin cuta, a sirinji ɗaya: a'a, kowanne da nasa.

Mai tambayar ko mutum zai iya yin allurar bitamin ta dabbobi in jikinsa ya mutu: kada ka kuskura, je asibiti.