Korona ciwon ƙirji ce, me ya kai ta ƙwaƙwalwar Baba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Mahaifina ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shekararsa 63, yana da hawan jini. Korona ta kwantar da shi kwana tara a asibiti, har da iskar oksijin. Kwana goma da sallamo shi, yana karyawa sai kofin koko ya suɓuce masa, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Sai washegari muka kai shi asibiti, aka ce shanyewar ɓarin jiki ce. Kawunnaina sun ce iska ce, ai korona a ƙirji take tsayawa. Don Allah akwai alaƙa? Daga wata 'yar'uwa, Ƙofar Na'isa.

Amsa: Wa'alaikumus salam Malama. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne.

Akwai alaƙa, kuma ban ga laifin kawunnanki ba. Lokacin da cutar ta shigo Kano a watan Afrilun 2020, mu ma likitoci huhu muka zuba wa ido. A cikin watan ne likitocin asibitin Mount Sinai da ke New York a Amurka suka ba da rahoton mutum biyar, duk ba su kai shekara 50 ba, da babbar jijiyar ƙwaƙwalwa ta toshe musu suna ɗauke da korona. Daga nan aka fara duba jini da kyau.

Cikin jijiyar jini yana da wani shafe mai santsi, kamar sabuwar tiyo, jini na wucewa ba ya maƙalewa. Idan korona ta yi tsanani, garkuwar jiki takan fito yaƙi fiye da kima, kumburi ya bazu ko'ina, shafen nan ya yi kaushi. Shi kuma jinin sai ya riƙa saurin daskarewa. Ki haɗa da zazzaɓin da ke ƙone ruwan jiki, da kwanciyar kwana da kwanaki ba motsi. Gudan jini ya samu ke nan. In ya tafi ƙafa ta kumbura, in ya tafi huhu numfashi ya sarƙe, in kuwa ya toshe hanyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa, sashen ya fara mutuwa cikin mintuna. Wani lokacin ma zuciya ce cutar ke rikita wa bugu, gudan ya taso daga can. Shi ya sa ake yi wa da yawa daga masu korona da aka kwantar allurar tsinka jini.

Shanyewar ɓarin jiki irin wannan ba ta cika faruwa ba: cikin masu korona ɗari da aka kwantar, kamar ɗaya zuwa biyu ne. Amma mai hawan jini ko ciwon suga, jijiyoyinsa dama sun sha wuya, korona ta tarar da bango ya tsage. Kuma haɗarin ba ya ƙarewa ranar sallama, yakan bi mutum gida na makonni.

Inda hankalina ya tsaya a wasiƙarki shi ne "sai washegari". Na sha ganin haka: a kwantar da dattijo a ɗaki, a yi ta shafa masa man zaitun, a jira gari ya waye. Addu'a ba ta hana tafiya, a yi ta a cikin mota. Maganin da ke narkar da gudan jini a cikin awa huɗu da rabi na farko ake ba da shi, kuma sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa an tabbatar toshewa ce, domin wata shanyewar fashewar jijiya ce ke kawo ta. Don haka kada a ba shi asfirin a gida. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu, haɗiya kan lalace, ya shaƙe. Baki ya karkace, hannu ɗaya ya saki, harshe ya yi nauyi, to a duba agogo a nufi babban asibiti irin na Malam Aminu Kano ko Murtala.

Yanzu abin da ya rage wa Baba: maganin hawan jini kullum ko da yana jin garau, rage gishiri da dunƙule a miyarsa, da zuwa gashin ƙashi ba fashi, don watannin farko ne jiki ya fi karɓar horo. Ku bar shi ya riƙe cokali da kansa ko da zai ɓata riga.