Ƙurajen balaga: abin da za a saya da abin da za a bari a kanti

Ga wasu tambayoyi kan ƙurajen fuska, kowace da amsarta a ƙasa.

Shekaruna 15. Ƙuraje sun cika mini goshi da kumatu, har kunyar fita nake yi. Ina wanke fuska sau biyar a rana da soso, amma sai ƙaruwa suke yi. Ƙazanta ce ke kawo su? Me zan saya?

Kwantar da hankalinki, 'yata, ba ƙazanta ba ce. Idan balaga ta zo, sinadaran jiki suna sa fata ta ƙara fitar da maiƙo. Maiƙon yana haɗuwa da matacciyar fata su toshe ƙofar gashi, ƙwayoyin cutar da dama can suke zaune a fatar kowa su hayayyafa a ciki, wurin ya kumbura. Baƙin ɗigon da kike gani a hanci ma ba datti ba ne, toshiyar ce ta yi baƙi da iska ta taɓa ta. Soso ba ya kai wa can ciki, sai dai ya kurje saman fata ya ƙara kumburi.

Ki ajiye soso. Wanki sau biyu ya isa, safe da dare, da ruwa mai ɗan ɗumi da sabulun fuska marar ƙamshi, da tafin hannu kawai. Ki tsane da tawul mai tsabta ba tare da gurzawa ba. Idan kin yi zufa sosai, ki ƙara ɗauraya ɗaya.

A kantin magani ki nemi maganin shafawa mai suna benzoyl peroxide mai ƙarfin kashi 2.5 ko 5 cikin ɗari. Kada ki ɗauki na kashi 10 da tunanin ya fi aiki: aikinsu kusan ɗaya ne, shi dai ya fi busar da fata da sa ta zafi. Ki shafa siririn shafi a duk yankin da ƙurajen ke fitowa, har inda babu ƙurji yanzu, domin babban aikinsa hana sababbi fitowa. Makon farko kwana ɗaya ki shafa kwana ɗaya ki huta, sannan ki koma kullum. Yana koɗar da launin tufafi, don haka ki wanke hannu, kuma ki ware masa farin tawul da farar rigar matashi. Idan toshiya ta fi yawa, wato ƙananan farare da baƙaƙen ɗigo, adapalene mai kashi 0.1 ya fi dacewa: gwargwadon ƙwayar wake ɗaya ga fuska duka, da dare, a kan busasshiyar fata, nesa da ido da gefen baki. Mai juna biyu ba ta amfani da shi. Ki bi da man shafawa marar nauyi wanda ba ya toshe fata.

Kuma ki duba man gashinki. Ƙurajen da suka taru a goshi kusa da gashi sau da yawa daga nan suke. Maganin ƙurajen kuwa yana buƙatar mako 8 zuwa 12 kafin a yanke masa hukunci, kuma a makonnin farko abin yana iya ɗan tsananta. Wannan ba alamar bai karɓe ki ba ce.

Abokina ya ce in riƙa shafa man goge baki ko lemon tsami da dare. Wanne ya fi?

Babu ko ɗaya, ɗana. An yi man goge baki ne don haƙori, abin da ya fi komai tauri a jiki, kai kuma kana so ka kwana da shi a kan fatar da ta riga ta kumbura. Lemon tsami kuwa yana ƙona fata, idan rana ta doki wurin ya bar baƙin tabon da zai fi ƙurjin daɗewa. Abokinka ya riƙe shawararsa.

Na saya wa 'yata wani haɗin mai a roba marar rubutu. Cikin mako ɗaya ƙurajen suka kwanta, ta ƙara haske. Wata huɗu ke nan. Yanzu da ta daina kwana biyu sai fuskar ta yi ja, ta fito da ƙanana birjik. In ƙaro wani?

Kada ki ƙaro, 'yar'uwa, kuma na san don tausayinta kika saya. Amma a nan zan tsaya in yi magana da duk iyayen da ke karanta wannan. Babu maganin ƙuraje na gaskiya da ke share fuska cikin kwana bakwai ya kuma haskaka ta. Abin da ke yin haka, a mafi yawan lokuta, sinadarin sitiroyid ne mai ƙarfi, irin su clobetasol da betamethasone. Magunguna ne na gaske da likita ke rubutawa don wasu cututtukan fata, na ɗan lokaci, kuma ba a cika yarda da masu ƙarfin a fuska ba. Suna danne kumburi nan take, shi ya sa mai saye ke murna. Idan aka ɗauki watanni ana shafawa, fata tana yin siriri, ƙananan jijiyoyin jini su bayyana, nankarwa ta fito, gashi ya tsiro a inda ba a so, sannan shi kansa man ya haifar da nasa ƙurajen, ƙanana masu kama da juna. Aka daina, fuska ta yi ja ta ɗauki zafi, sai a koma a sake saye. Mai sayarwa ya san da wannan, cinikinsa ke nan. Wasu haɗe-haɗen har da sinadarin makuri (zaiba) a ciki, wanda ke ratsa fata ya taɓa ƙoda.

Abin da ke ba ni takaici, iyayen da ba za su taɓa ba ɗansu ƙwayar da ba ta da suna ya haɗiya ba, su ne ke shafa masa abin da ba su san me ke ciki ba a fuska. Robar da babu sunan sinadaran da ke ciki, babu sunan kamfani, babu lambar rajista ta hukumar kula da magunguna, babu ranar lalacewa, wurinta kwandon shara, ko nawa aka kashe a kanta. Kalmomi irin su "na ganye ne zalla" ko "sirrin gida ne" ba sa maye gurbin rubutu. Ko mai kwali ne, ki juya ki karanta, domin ana yin jabunsa: rubutu mai dishi-dishi, murfin da aka taɓa buɗewa, araha fiye da kima. Hoton "kafin" da "bayan" kuwa, haske da waya ne ke yin rabin aikinsa.

Ki kai yarinyar wurin likitan fata tare da robar. Bayan wata huɗu, janyewar tana buƙatar kulawa, kuma za a sha makonni fuskar tana tawaye kafin ta lafa. Ki shirya mata zuciya tun yanzu, kada ta koma masa a ɓoye.

Ƙurajen sun tafi amma sun bar baƙaƙen tabo. Akwai abin da ke goge su?

Idan tabon launi ne kawai babu rami, zai dushe da kansa, sai dai yana cin watanni 6 zuwa 12, wani lokaci fiye. Fata mai duhu ta fi riƙe shi. Abu uku ke gaggauta shi: daina matse ƙurji, shafa man kariya daga rana mai lamba SPF 30 ko sama kowace safiya, da maganin shafawa mai suna azelaic acid mai kashi 15 zuwa 20. Masu cewa baƙar fata ba ta buƙatar kariya daga rana ba su lura ba ne cewa rana ce ke ƙara wa tabon duhu.

Nawa ƙurajen manya ne, masu tauri da zafi a haɓa da baya. Ina shan maganin kashe ƙwayoyin cuta da na saya da kaina, in ya lafa in daina.

Ka daina wannan shan na ganin dama, yana koya wa ƙwayoyin cutar jure magani ne kawai. Likita yakan rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su doxycycline na kusan wata uku a jere, tare da na shafawa, kuma ana shan sa da cikakken kofin ruwa, ba a kwanciya sai bayan rabin sa'a. Irin naka masu zurfi su ne ke barin rami, kuma na kanti ba ya iya musu, don haka kada ka ƙara jinkiri. Akwai maganin sha mai suna isotretinoin mai ƙarfi ƙwarai, amma sai a ƙarƙashin kulawar likita, domin yana nakasa jariri a ciki idan mai juna biyu ta sha. Kada ka karɓi na wani, kada ka ba kowa naka. 'Yan mata kuma, idan ƙurajen haɓa suka zo tare da rikicewar al'ada ko tsirowar gashi a fuska, a faɗa wa likita duka ukun a zama ɗaya.