Shafuka uku a kwamfutar ɗaki: Alhaji, wa ke riƙe da makulli?

Wani ɗan kasuwa daga Jidda ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Ina da shago wajen Bab Sharif, ina sayar da abaya da jallabiya da turare, ina kuma haɗa wa 'yan Kano-Jidda kargo. Ɗan ƙanwata da ke zaune a gidana ya iya kwamfuta. Ya mayar da wata tsohuwar kwamfuta sabar a ɗakinsa, ya ɗora mini shafukan intanet uku a kanta: na tufafi, na turare, da na kargo. Kowanne da lamba a ƙarshen adireshinsa, 8081 da 8082 da 8083, ya ce lambobin ƙofa ne. Kwastomomina na Kano suna ƙorafin wani lokaci shafin ba ya buɗuwa. Yanzu ya ce in ba shi riyal 6,000 ya sayi babbar na'ura, mu ɗora shafukan 'yan kasuwa 50, kowa ya riƙa biyan riyal 100 a wata. Shi ya yi rajistar komai da imel ɗinsa, tunda ni ban gane harkar ba. In ba shi kuɗin?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka ba shi.

Amma ba riyal 6,000 ɗin ne suka sa na ajiye kofin shayina ba. Maganar da ka jefa can ƙarshe kamar ba komai ce ba, ita ce: "shi ya yi rajistar komai da imel ɗinsa." Alhaji, da yaron nan zai je ya karɓi hayar shagonka na Bab Sharif da sunansa, ya sa makulli a aljihu, ya ce "Kawu kada ka damu, duk safiya zan buɗe maka," za ka yarda? Wallahi ko ɗan cikinka ne sai ka yi tunani sau biyu. To abin da ka yi ke nan. A intanet, wanda sunan shafi yake cikin asusunsa shi ne mai shafi. Kamfanin da ya yi rajistar bai san ka ba, bai san kai ka biya ba, bai san kai ka riƙe yaron tun yana ƙarami ba. Imel ɗin da ke rubuce a wurinsu kawai suka sani.

Bari in taɓa zancen lambobin, don su ma suna gaya mana wani abu. Layin intanet na gidanka yana da adireshi ɗaya, kamar gida guda mai ƙofofi da yawa. Duk wanda ya rubuta sunan shafi a wayarsa, ƙofa ta 80 ko ta 443 wayar ke nufa da kanta, ba tare da an gaya mata ba. Sunan shafi yana kai mutum gidan ne kaɗai, ba ya ɗauke da lambar ƙofa. Shi ya sa dole kwastomanka ya ƙara 8082 da hannunsa, in ya manta kuwa ya tarar da bango. Ka ɗauka Hajiya ce a Kantin Kwari, ta zo ƙofar gaba da kuɗinta, aka ce mata ta zagaya ta lungu ta ƙwanƙwasa ƙofa ta uku. Wasu ofisoshi da otal-otal ma toshe irin waɗannan lambobi suke yi a wayfai ɗinsu. Ga shi kuma in shafin ba shi da takardar tsaro, wato shaidar da ke sa a ɓoye bayanan da ke wucewa tsakanin waya da shafi, tun 2018 manhajar buɗe shafuka ta Chrome ke maƙala masa alamar cewa ba amintacce ba ne. Wa zai tura kuɗin katan goma na turare ta shafin da wayarsa ke gargaɗinsa a kai?

Wanda ya ƙware ba ya bin wannan hanya don kasuwanci. Apache da Nginx, manhajojin da ake ɗora wa sabar don ta riƙa nuna shafuka, duka suna iya karɓar shafuka da yawa ta ƙofa ɗaya, su raba baƙi bisa sunan da kowa ya rubuta, kuma wannan dabara ta girmi yaronka. Takardar tsaro kuma wata hukuma mai suna Let's Encrypt na bayarwa kyauta. Saboda haka lambobin nan uku shaida ce cewa ɗan ƙanwarka yana kan koyo. Ba laifi ba ne, kowa da haka ya fara. Laifin shi ne ɗora abincin gidanka a kan allon ɗalibi.

Ƙorafin mutanen Kano ma ba aljanu ba ne. Adireshin layin gida yakan canza, musamman in aka kashe na'urar wayfai aka kunna. A layukan da ke aiki da sim kuwa, sau da yawa mutane da dama ake haɗawa a kan adireshi guda, na waje ba ya ma iya shigowa. Sai kuma abin da kowa ya sani: kwamfuta ce a ɗakin saurayi, a zafin Jidda. A kashe esi a fita, ko mai shara ta zare waya ta sa caja, shago uku sun rufe lokaci guda, kai kana can kana ciniki ba ka sani ba.

Duk wannan ana gyara shi cikin yini ɗaya. Makullin ne ba ya gyaruwa in lokaci ya ƙure.

Na san wani mai dabino a Madina, mutumin kirki, da ɗan wansa ya buɗe masa shafi. Shekara biyu komai lafiya. Ya buga sunan shafin a kwalaye da ledoji da katin shago, alhazai suna komawa gida da shi, suna waiwayo da oda. Sai yaron ya koma Najeriya, aka kuma samu saɓani tsakanin gidajen biyu kan wata maganar aure, gaisuwa ta yanke. Sunan shafi haya ce ta shekara-shekara. Kamfani ya yi ta aika tunatarwa zuwa imel ɗin da babu mai buɗewa, wa'adi ya cika, daga baya wani can daban ya yi rajistar sunan. Ana saura makonni kaɗan azumi mutumin ya zo wurina da kwali a hannu, yana nuna mini rubutun da yatsa, yana tambaya ofishin wa zai je. Babu ofishin zuwa. Kuɗin da zai hana wannan asara bai kai riyal 60 ba. Ka kuma lura, yaron bai saci ko halala ɗaya ba. Kawai ba ya nan ne.

Shi ya sa ba na son jin "ai yaron amintacce ne." Ban ce ba amintacce ba ne. Amintacce ma yana samun gurbin karatu, yana samun aiki a Riyad, iƙamarsa tana ƙarewa, yana fushi, yana rashin lafiya. Ranar da ɗaya daga ciki ya faru, za ka je wurin ƙanwarka kana roƙon kalmar sirrin shagonka, zumuncin da kake ganin kana karewa da yin shiru a ranar zai fi shan wahala.

Kuma me ake tsimi da shi? Ƙaramar sabar haya a kamfani tana kamawa dala 5 zuwa 6 a wata. Riyal 3.75 ne dala, ka ga kusan riyal 19 zuwa 23, kuma za ta ɗauki shafukanka uku ba tare da nishi ba. Tsohuwar kwamfutar da ke kunne dare da rana, a kan halala 18 kowane kilowat-awa na wutar gida, tana cin kusan riyal 8 zuwa 10 a wata, ban da esin da ake bar mata. Bambancin bai kai farantin kabsa ba. A kan wannan ka buɗe ƙofofin layin gidanka ga duniya, layin da wayoyin iyalinka da lissafin shagonka ke kai.

Maganar mutum 50 kuwa lissafin dokin Rano ne. An ninka 50 da 100 an ga 5,000, an fara rabon riba. Ka zaga Bab Sharif gobe ka nemo mini mutum biyar da za su biya riyal 100 duk wata, alhali cinikinsu na tafiya a WhatsApp da Snapchat da TikTok, wanda ke son kanti na sosai a intanet kuma ga kamfanonin Salla da Zid masu buɗe wa 'yan kasuwa irin wannan kanti. In ma ka same su, ranar da na'urar ta mutu ƙarfe biyun dare a tsakiyar kakar Hajji, ƙofarka za su buga, ba ta yaro ba, don kai suka sani. Sannan karɓar kuɗin mutane a kan wannan sana'a ce sabuwa. Ka duba ko takardar rajistar kasuwancinka ta ƙunshe ta, don ka san ƙasar nan ba ta wasa da sana'ar da ba ta kan takarda.

Ga abin da zan yi da ni ne. Yau bayan Isha ka kira shi, ku zauna, ba da faɗa ba. Ka yaba masa, don ya yi ƙoƙari. Sai ka ce a gabanka za a mayar da sunayen shafukan uku cikin asusu mai sunanka, da imel ɗinka, da lambar wayar da ke aljihunka, katinka kuma shi zai riƙa biya. Duk kalmomin sirri a rubuta su da biro a littafi, a ajiye inda kake ajiye takardun shago. A kwashe shafukan zuwa sabar haya, a cire lambobin nan daga adireshi, a rufe ƙofofin da ya buɗe a na'urar gida, a yi kwafin komai a wani wuri daban. Ka yanka masa albashi, ko riyal 300 ne a wata, don wanda ake biya ana iya tambayarsa ba'asi, mai taimako kuwa sai dai godiya. Bayan mako guda ka ba wani daban littafin, ka ce ya shiga asusun ba tare da ya kira yaron ba. In ya kasa, aiki bai gama ba. In kuma tun farko yaron ya fara "Kawu ai ba sai ka wahalar da kanka ba," ka yi murmushi ka maimaita maganarka.

Tsohuwar kwamfutar ka bar masa ya ci gaba da koyo a kanta, ya buɗe ƙofa ɗari in yana so, muddin ba kayanka a ciki kuma ba a buɗe take ga waje ba.

Abu ɗaya da ba ka faɗa mini ba, ina kuma zargin ba ka rubuta ba: oda nawa ta shigo ta shafukan nan a watan jiya, ban da waɗanda suka kira ka a waya? Ka ƙirga kafin ka sake rubuto mini. In ba su kai goma ba, shafi ɗaya ya ishe ka, mai ɗauke da hotunan kaya da lambar WhatsApp ɗin shago.