Farfaɗiya da Rashin Natsuwa: In Sayar da Tumakina Don Na'ura?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana shekararsa 9, farfaɗiya ta same shi bayan ya yi sanƙarau. Yana shan Gardénal, faɗuwar ta yi sauƙi, amma malaminsa na lakwal ya ce ba ya zama wuri ɗaya, wani lokaci kuma sai ya ƙura ido kamar ba ya nan. Ƙanena da ke Faransa ya ce akwai wata na'ura, niyurofidbak, mai gyara ƙwaƙwalwa ba sai da magani ba. In sayar da tumakina in nemi inda ake yi? Daga wata uwa, unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Tumakin nan dai ki bar su a turke tukuna.

Ƙanenki bai yi ƙarya ba, na'urar tana nan. Ana manna wa yaro ƴan wayoyi a fatar kai, kwamfuta tana karanta motsin lantarkin ƙwaƙwalwarsa, shi kuma yana kallon wasa a allo. In ƙwaƙwalwar ta natsu wasan ya ci gaba, in ta kauce ya tsaya. Ba allura, ba zafi. Wani masani a Amurka, Barry Sterman, ya faro abin da kyanwoyi, a 1972 kuma ya ba da rahoton gwada shi kan mai farfaɗiya. Sai dai binciken da aka yi kan farfaɗiya na mutane kaɗan ne. A kan rashin natsuwa kuwa, da aka haɗa wa wasu yara na'urar gaske, wasu ta bogi, ba tare da sun sani ba, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ga shi ba zuwa ɗaya ba ne, akan yi zama 30 zuwa 40. Ki lissafa kuɗin mota da masauki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ƙura idon nan ne. Akwai farfaɗiyar da ba ta kayar da yaro. Yana cikin cin tuwo sai hannu ya tsaya, ido ya kafe, ƴan daƙiƙu kaɗan ya dawo bai san an yi ba. Sau nawa ake zane irin waɗannan yara a aji, wai ba sa jin magana! In ya yi, ki kira sunansa, ki taɓa kafaɗarsa. Mai tunani zai waigo, wanda ciwon ya kama ba zai waigo ba. Ki sa yayarsa ta ɗauke shi bidiyo da waya.

Sannan Gardénal kansa yakan sa wasu yara ƙiriniya da rashin natsuwa. Ki je Babban Asibitin Damagaram wajen likitan yara da bidiyon da kwalin maganin, ki faɗa masa abin da malamin ya ce, ki tambaya ko za a yi gwajin ƙwaƙwalwa na EEG. Wataƙila ya gyara yawan maganin, ko ya sauya shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 7 cikin 10 masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace.

Amma kada ki kuskura ki yanke masa magani da kanki, ko na kwana ɗaya. Tsayar da Gardénal farat ɗaya yakan jawo jijjigar da ba ta tsayawa. In kuwa jijjiga ta wuce minti 5, a kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, a nufi asibiti nan take.