Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko ABU Zariya?

Alhaji, ka ce 'yarka na son karatun kimiyya, kana tsoron kada takardar UMYU ta kasa ta ABU daraja.

Gaskiya ABU ta girme ta nesa ba kusa ba. An kafa ta a 1962, kuma a binciken noma Cibiyar Samaru ta yi suna a duk Arewa. Tamu UMYU da ke Katsina a hanyar Dutsin-Ma kuwa sai 2006 aka kafa ta, lokacin marigayi Malam Umaru yana gwamna. Yarinya ce a cikin jami'o'i, amma tana da cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa, irin na hasken rana, wanda Allah ya hore mana a Katsina har ya yi yawa.

Ni dai abin da zan duba shi ne ko hukumar NUC mai kula da jami'o'i ta amince da kwas ɗin da take so, sannan ko ɗakin gwaje-gwajen sashen yana aiki. Ka je da kanka, ka tambayi ɗaliban aji uku, su ba sa ɓoye komai.

In noma ne a ranta, akwai jami'ar tarayya a Dutsin-Ma, tun 2011.