Amsa: Yaya ake gano tagullar Benin ta ganima ce?

Ɗan'uwa, ka tambaya yadda masu bincike ke tabbatar da cewa wani kayan tarihi da ke Turai kwasar yaƙi ne. Baya-baya ake bin sawunsa, daga hannun da yake yau har a isa ranar da ya bar gida.

A watan Fabrairun 1897 sojojin Birtaniya ƙarƙashin Harry Rawson suka ci birnin Benin da ke jihar Edo a Najeriya ta yau, suka kwashe dubban kayan tagulla da hauren giwa daga fadar sarkin Benin, Oba Ovonramwen. An yi gwanjon wasu a Landan, wasu kuma hafsoshi suka riƙe.

Nan aikin yake. Ana duba rajistar gidan tarihi a ga wa ya kawo, yaushe, nawa aka biya. Sannan wasiƙu, hotunan da sojoji suka ɗauka a fada, da kundayen dillalai. Dillali W. D. Webster yakan ba kayansa lamba, ya buga su da hoto, shi ya sa har yanzu ake gane abin da ya bi ta hannunsa. In sawun ya tsaya kan wanda ke Benin a 1897, hujja ta yi ƙarfi. Misali, zakaran tagulla na Benin da Kwalejin Jesus ta jami'ar Kambirij ta mayar wa Najeriya a 2021, George Neville ne ya ba ta a 1905, kuma yana cikin ayarin da ya ci Benin a 1897.

Abin da ke damuna, mafi yawan takardun na waɗanda suka kwashe ne, don haka dole a ji ta bakin maƙeran tagulla na unguwar Igun a birnin Benin da masana fada.

Ka fara da shafin intanet na Digital Benin, mai tattara bayanan kayan tarihin Benin, wanda aka buɗe a 2022 da kaya fiye da 5,000 daga ƙasashe 20.