Yasmin hindi: ta tukunya ko sandar reshe?

Tambaya: Salamu alaikum. Akwai ɗan fili a bakin ƙofar gidanmu a Jidda, ina son in sa bishiya mai ƙamshi. A mashtal, wato wurin sayar da tsirrai, an nuna min yasmin hindi iri biyu: babba a tukunya mai tsada, da sandar reshe ba ganye mai araha. Wanne zan ɗauka? Ga jikoki kuma a gidan. (Wata Hajiya, Jidda)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Bishiyar nan da masana ke kira Plumeria asalinta Meziko ne da Amurka ta Tsakiya da tsibiran Karibiyan, don haka zafin Jidda da ɗanshinta ba za su dame ta ba.

In aljihu zai ɗauka, ki sayi ta tukunya, amma wadda ke cikin fure. Mai mashtal zai iya rantse miki ja ce, bayan shekara ta fito fara, sannan wa za ki kama? Ki je dab da magariba, don da dare ƙamshinta ya fi tashi, ki sunsuna da hancinki. Sai ki matsa gindin da yatsa. In da tauri, lafiya lau. In ya lotsa, ruɓa ta shiga, ki bar masa kayansa ko kyauta ya ba ki. Ki dubi ganyen ma: mai sheƙi da zagayayyen baki fari yake furewa, kuma ba ya kaɗewa, mai tsinin baki shi ke da launuka, amma yakan zube da sanyi ya bar rassa tsirara.

Reshen ma yana kamawa, sai dai da haƙuri. A ajiye shi a inuwa mako ɗaya ko biyu har wurin yankan ya bushe, a dasa a ƙasa mai yashi, a yi ta rowar ruwa har ganye ya fito. Yawan ban ruwa ya fi ƙishirwa kashe ta.

Batun jikoki kuwa, in aka karya reshe yana fitar da farin ruwa irin na tumfafiya, mai ƙona ido da sa ƙaiƙayi. Ki dasa ta gefe, ba inda suke wasa ba.

Tambaya: Ni a Riyad nake. Za ta rayu a nan? (Wani Malam)

Amsa: Za ta rayu, Malam, amma a babbar tukunya mai huda a ƙasa. Sanyin daren Disamba da Janairu a Riyad wani lokaci yakan kusanci sifili a ma'auni, ita kuwa ba ta jure wannan, sai a shigar da ita ciki a rage ruwa. A Yuli kuma a kare ta daga ranar la'asar. In ɗawainiyar ta yi maka yawa, sayi ful, wato ƙaramin yasmin mai farin fure, irin na yankin Jazan, ya fi sauƙin ɗauka da ajiyewa.